Karatun Marubuci da Labarin Soyayya na Tarihi na Kirista: Hanyar Francine Rivers a Ma'aunin Tarihin Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sanin cewa kafin a tambayi abin da marubuci ya rubuta, ya kamata a tambayi abin da ya karanta. Ba a nazarin Ruwan Bagaja ba tare da an waiwayi Muƙamat na Hariri ba, haka kuma Magana Jari Ce ba ta fahimtuwa sosai sai an san tarin littattafan Larabci da na Turai da Rupert East ya tanadar wa Abubakar Imam a Zariya a 1936. Wannan maƙala za ta bi wannan hanya ta dubi wani nau'in ƙagaggen labari da nazarinmu bai cika kula da shi ba, wato labarin soyayya da aka gina a kan wani zamani da ya shuɗe, aka kuma ɗora shi a kan koyarwar addinin Kirista.

An zaɓi Francine Rivers, marubuciya 'yar Amurka, saboda littattafanta sun samu karɓuwa a wurin matasan Kirista masu karatu da Ingilishi a Nijeriya, musamman mata, don haka duk wanda ya yi niyyar rubuta irin wannan labari da Hausa, da wuya a ce bai ci karo da ita ba. Za a auna hanyar tata da tarihin Kudancin Kaduna, ƙasar Ham da Atyap da Bajju da Kagoro da maƙwabtansu, inda Hausa ta daɗe da zama harshen coci. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, Rivers tana samo ƙashin labarinta daga Littafi Mai Tsarki, tarihi kuwa shimfiɗa ce kawai a wurinta, kuma wannan tsari ba zai ɗauku haka nan a dasa shi a ƙasar da jikokin mutanen da ke cikin tarihin suke cin kasuwa ɗaya har gobe ba.

2.0 Abin da Rivers ta Karanta

An haifi Francine Rivers a 1947, ta yi karatun Ingilishi da aikin jarida a Jami'ar Nebada da ke Reno. Shigarta rubutu ta samo asali ne daga karatu, domin surukarta ce ta ara mata littattafan soyayya, ta karanta, ta ga ita ma za ta iya. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980 ta yi ta rubuta labaran soyayya na tarihi irin na kasuwa, waɗanda babu ruwansu da addini. A nan ta koyi sana'ar: yadda ake haɗa masoya, a gitta musu shinge, a ja ran mai karatu babi bayan babi, a kuma yi wa labarin ado da sutura da abinci da gine-ginen wani zamani.

A 1986 ta miƙa rayuwarta ga Almasihu, kamar yadda mabiya majami'un bishara ke faɗa, sai rubutu ya tsaya mata cik har kimanin shekara 3. A tsawon wannan lokaci Littafi Mai Tsarki ta duƙufa karantawa. Littafin Annabi Yusha'u, wanda wasu fassarorin Hausa ke kira Hosiya, shi ya buɗe mata ƙofa. Labarin annabin da Allah ya umarta ya auri Gomer, mace mazinaciya, ya kuma je ya fanso ta bayan ta bar shi, shi ne ta sake wa riga ya zama Redeeming Love a 1991. Ta kai labarin Kalifoniya a shekarun 1850, lokacin da ake rububin haƙar zinariya. Gomer ta zama Angel, yarinyar da aka sayar cikin karuwanci tun tana shekara 8, annabin kuma ya zama manomi mai suna Michael Hosea. Angel ta yi ta gudu, shi kuma ya yi ta haƙuri, har ranar da ta dawo don kanta. Lokacin da wani kamfanin buga littattafan Kirista ya sake fitar da littafin a 1997, ta rage wasu wurare, ta kuma fito da tuban tauraruwar fili. Ta ma sayi haƙƙin mallakar tsofaffin littattafanta don kada a sake buga su.

Ke nan karatu iri biyu ne suka haɗu a alƙalaminta. Na farko ya ba ta zubi da tsari, na biyu ya ba ta jigo da makomar taurari. Ita kanta ta sha bayyana cewa kowane littafi nata yana farawa ne da wata tambaya ta bangaskiya da ke damunta, sai ta ƙirƙiro mutanen da za su rayu cikin tambayar. A Voice in the Wind na 1993, wanda shi ne na farko cikin jerin littattafai uku, ya fito da wannan a sarari. Hadassah, Bayahudiya Kirista da aka kama bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 70, ta zama baiwa a gidan wani attajirin Roma. Ɗan gidan, Marcus, ya kamu da sonta, ita ma tana sonsa, amma ta ƙi aurensa saboda bai ba da gaskiya ba, ƙarshenta aka jefa ta wa zakuna. Wannan tsohuwar hanya ce da Ben-Hur na Lew Wallace na 1880 da Quo Vadis na Henryk Sienkiewicz na 1896 suka share. Gudummawar Rivers ita ce ta mayar da labarin cikin zuciyar mace, ta kuma sa shingen da ke tsakanin masoya ya zama bangaskiya, maimakon dukiya ko asali.

Ƙarfin wannan hanya a bayyane yake: labarin ba ya ɓata hanya, tun da marubuciyar ta san inda za ta sauka kafin ta tashi. Rauninta ma daga nan yake. Idan ƙashin labari ya riga ya zo a shirye, marubuci ba ya tambayar tarihi komai sai kayan ado. Shekarun da Michael Hosea ke noma gonarsa cikin natsuwa su ne shekarun da aka kusan ƙarar da 'yan asalin Kalifoniya. Benjamin Madley, a bincikensa na 2016, ya nuna yawansu ya faɗo daga kimanin 150,000 zuwa kimanin 30,000 tsakanin 1846 da 1873. A cikin Redeeming Love kusan ba a jin ɗuriyarsu. Sai dai a yi wa marubuciyar adalci: a The Last Sin Eater na 1998, sirrin da ke cin al'ummar labarin shi ne kisan gillar da magabatansu suka yi wa 'yan asalin ƙasar, kuma a ganinmu wannan ne littafinta da tarihi ya yi aiki a cikinsa fiye da sauran, ko da yake soyayya ba ita ce kan gaba a ciki ba.

3.0 Abin da Zuben Hausa ya Riga ya Tanada

Daga cikin littattafai biyar na farko da Hukumar Talifi ta buga bayan gasar 1933, guda ɗaya ne soyayya ta zama tushen rikicinsa, wato Jiki Magayi, kuma wanda ya rubuta shi tare da East shi ne John Tafida, Kirista daga Wusasa. Abin lura shi ne babu Kirista a cikin labarin. Abubakar da Zainab da Malam Shehu da ɗansa Kyauta duk suna rayuwa ne cikin duniyar malamai da bokaye, jigon kuwa ramuwar gayya ce da yadda take cin mai ita da wanda bai ji ba bai gani ba. Littafin makaranta ne aka shirya don ɗaliban lardunan Arewa, don haka marubucin ya ajiye addininsa a bakin ƙofa. Mai neman tasirin karatun mishan a cikinsa sai dai ya neme shi a ƙarƙashin labarin, a yadda alhakin iyaye ya sauka a kan ɗa.

Na tarihi a cikinsu, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fi shafar batunmu. Ya nuna zafin bauta ta hanyar uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara. Amma harin da Makau ya fita a farkon littafin, daga ɓangaren mahara aka ba da labarinsa. Mutanen da aka kai wa harin ganima ce da ake lissafawa a fada, ba su da suna, ba su da masoyi. Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga shekarun 1980, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed har zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, zamaninsu suke magana a kai, kuma a cikin al'ummar Musulmi. Saboda haka marubucin Kwoi ko Zonkwa zai sami harshen soyayya a zuben Hausa, zai sami hanyar ba da tarihi, amma ba zai sami kakarsa a ciki ba.

4.0 Akwatin Littattafan Marubucin Kudancin Kaduna

To, me irin wannan marubuci zai karanta idan ya tashi neman tarihin gida? Akwai ruɗin da ya kamata a kawar tun farko. Sunan Nok yana da farin jini tun bayan da aka tono gumakan yumɓu a wurin haƙar kuza a 1928, da kan Jama'a da ya isa hannun Bernard Fagg a 1943. Binciken Jami'ar Goethe ta Farankfot da aka fara a 2005 ya kai mafarin wannan wayewa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu. Abin alfahari ne, amma ba gonar wannan nau'in labari ba ce, domin masu gumakan sun shuɗe tun kafin bishara ta kusanci yankin. Zamanin da ke da amfani shi ne daga ƙarni na 19, lokacin hare-haren bayi daga Zazzau da Jama'a, zuwa buɗe tashar mishan ta SIM a Kwoi a 1910, da isowar jirgin ƙasa Kafanchan a ƙarshen shekarun 1920, da hawan Gwamna Awan sarautar Kagoro a 1945, har zuwa kafa ECWA a 1954. Cikin shekaru ƙalilan aure da gado da ibada da harshe duk suka sake kama. Mai neman shingen da zai gitta tsakanin masoya ba zai rasa ba.

Matsalar tana wurin waɗanda suka rubuta zamanin. A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aikin mulki a Jama'a, ya fitar da littafinsa kan mutanen yankin a 1912, kuma sunan littafin kaɗai, The Tailed Head-Hunters of Nigeria, ya isa ya nuna da wane ido ya dube su. C. K. Meek ya fi shi natsuwa a babin da ya yi kan Katab da maƙwabtansu a 1931, amma shi ma don amfanin mulki ya yi aikinsa. Rahotannin 'yan mishan kuwa an rubuta su ne don masu ba da taimako a Kanada da Amurka da Ingila, waɗanda ke son jin yadda haske ya kori duhu. Sai daga baya 'yan ƙasa suka karɓi alƙalami, irin su Yusufu Turaki da Matthew Hassan Kukah, waɗanda dukansu suka fitar da muhimman littattafai a 1993, sai dai hankalinsu yana kan mulki da siyasa da coci, ba kan abin da ke gudana a tsakar gida ba.

Idan marubuci ya ɗauki hanyar Rivers ya haɗa ta da waɗannan littattafai ba tare da tacewa ba, sakamakon sananne ne. Duk abin da ya gabaci mishan zai zama duhu, dattawan dodo za su zama mugaye, Bahaushe ko Bafillace zai fito a matsayin Baroma mai jefa bayin Allah wa zakuna. Rivers ba ta da maƙwabci Baroma da zai karanta littafinta ya ji ciwo. Wanda ya rubuta labarin budurwar da aka kama a hari aka kai ta Zariya yana rubutu ne a ƙasar da ta ga rikicin Kafanchan na Maris 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Wannan ba dalili ba ne na ɓoye harin bayi, domin ya faru, kuma zuben Hausa ya daɗe yana bin waɗanda aka kama bashin suna da fuska. Abin da ake nufi shi ne dole marubucin ya faɗaɗa karatunsa har ya haɗa da abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa. Baba of Karo, tarihin rayuwar wata Bahaushiyar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna gidan da ke da bayi a rinji, ya kuma nuna yadda mahara suka kama matan gidan har sai da aka tara dukiya aka fanso su. Wanda ya karanta wannan zai yi wuya ya zana mugu mai fuska ɗaya.

4.1 Inda Labarin Yusha'u ya Ƙi Zama

Wurin da ya fi dacewa a gwada hanyar Rivers shi ne aure. A maƙalarsa ta 1953 a mujallar Africa, M. G. Smith ya yi bayanin wani tsarin aure a tsakanin Kadara da Kagoro, inda mace ke iya komawa gidan wani miji ba tare da auren farko ya mutu ba. Ba a yin abin kara zube. Akwai ƙa'idar da ta fayyace garuruwa da zuriyoyin da ke iya ɗaukar mata daga junansu, da waɗanda hakan haramun ne a tsakaninsu, akwai kuma hukunci kan 'ya'yan da aka haifa. Coci ta yaƙi wannan tsari, kuma a hankali ya gushe.

A ɗauka marubuci ya sa labarinsa a Kagoro a shekarun 1930: saurayi ya shiga ajin baftisma, matarsa ta tafi gidan miji na biyu, shi kuma ya ƙudura zai jira ta kamar yadda annabin ya jira Gomer. A ido, labarin ya zauna daram. Amma Gomer ta karya alkawarin da ita da al'ummarta suka yarda da shi, Angel kuma an zalunce ta ne tun tana ƙarama. Wannan mata ta Kagoro ba ta karya dokar kowa ba. Iyayenta sun sani, dattawa sun sani, abin da ta yi yana da suna da ƙa'ida. A idon garin, mijin da ya ƙi shiga dodo, ya ƙi shan giya a taron dangi, shi ne ya fita daga hanya. Idan marubucin ya kira ta mazinaciya don labarin ya yi daidai da littafin annabi, ya yi wa tarihi ƙarya, ya kuma zagi kakannin masu karatunsa. Idan kuwa ya bar ta da hujjarta, ya ba ta bakin da za ta tambayi mijin wane ne ya fara barin wani, to ya sami labarin da ya fi na Rivers nauyi, domin masoyan biyu kowannensu yana da gaskiya a cikin dokar da ya sani.

Akwai kuma wata mata da wannan nau'in labari a Amurka bai san da ita ba sam. Mishan-mishan da yawa sun ƙi yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma sai ya sallami sauran. Matar da aka sallama ba don ta yi laifi ba, sai don mijinta ya tuba, ina za ta dosa, kuma wa zai riƙe 'ya'yanta? A hanyar Rivers tuba ita ke haɗa masoya a babin ƙarshe. A nan tuba ce ta raba su. Marubucin da ke neman abin tafiya a Littafi Mai Tsarki zai fi samunsa a labarin Hajaratu da aka kora da ɗanta, ko Lai'atu da ba a so, fiye da labarin Yusha'u. Muryar irin waɗannan mata ba ta cikin rahoton Bature. Inda za a neme ta shi ne bakin tsofaffi, da waƙoƙin aure da na niƙa, da waƙoƙin Zumuntar Mata, wato dai adabin baka, wanda shi ma karatu ne ga mai kunne.

5.0 Harshe

Saura tambayar da ta fi shafar masana harshe. Masoyan labarin da Tyap ko Jju ko Hyam za su yi zance a dandali, amma da Hausa za su yi addu'a, domin tun daga 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, da ita ake wa'azi da waƙa da koyon karatu a yawancin majami'un yankin. Harshen da ya zo da mahara da masu karɓar haraji shi ne kuma ya zo da bishara. Marubucin da ya rubuta komai da daidaitacciyar Hausa ya shafe wannan bambanci, alhali a cikinsa rabin labarin yake: saurayin da ya iya Hausa ya sami aikin reluwe a Kafanchan ko ya zama mai bishara, budurwar da ba ta iya ba ta ga ya yi mata nisa tun bai bar gari ba.

Hausar coci kuma tana da nata ma'anoni. Kalmar ƙauna ta ɗauki nauyin son da Allah ke yi wa mutum, har ta yi wa so da soyayya nisa a bakin mai wa'azi, don haka marubuci na iya nuna sauyin zuciyar tauraro ta hanyar kalmar da ya zaɓa ya faɗa wa budurwarsa. Bege a wurin Bahaushe Musulmi shauƙi ne da kewa, kamar yadda ake begen Annabi, a coci kuwa sa zuciya ne ga abin da ke zuwa. Alheri ya zama baiwar da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba. Kalmar arna, wadda takardun mulki da bakin jama'a suka liƙa wa mutanen yankin, ba za ta fito daga bakin mai ba da labari ba sai dai daga bakin tauraron da zamaninsa ya sa masa ita.

Wadda ta fi duka ita ce fansa. A Ingilishin Rivers kalmar da ke cikin sunan littafinta ta riga ta zama ta tauhidi, mai karatu ba ya jin ƙarar kuɗi a cikinta. A Hausa kuwa fansa ba ta rabu da ma'anarta ta farko ba: wuri ne ake ƙirgawa a ba wanda ya kama ɗan'uwanka don ya sake shi, kuma ɗaukar fansa ita ce ramuwa, irin wadda ta halaka Abubakar a Jiki Magayi. Tsohuwar da ta zauna a cocin Kwoi a shekarun 1930 ta ji mai wa'azi yana kiran Almasihu Mai Fansa, mai yiwuwa ne ta san wanda aka fanso daga hannun mahara, ta san nawa aka biya, ta kuma san wanda danginsa suka kasa tara kuɗin.